Shiga ƙungiya ko ciniki kai kaɗai: zaɓin mai gona a Amurka idan kamfanin gas ya zo neman haya

A shekarar 2006 wakilan kamfanin Cabot Oil & Gas sun riƙa bin gidajen manoma a Dimock, wani ƙaramin gari a gundumar Susquehanna ta jihar Pennsylvania a Amurka, suna neman hayar iskar gas ɗin da ke ƙarƙashin gonakinsu a kan dala 25 kowace eka. Mutane da yawa sun sa hannu ba tare da wani dogon tunani ba, domin tun zamanin iyayensu an saba ganin irin waɗannan wakilai suna zuwa su biya 'yan daloli su tafi, shekaru su wuce ba a haƙa komai ba. Bayan shekara uku, a watan Satumba na 2009, wata ƙungiyar masu filaye a gundumar Wyoming, wadda ke maƙwabtaka da Susquehanna ta kudu, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Chesapeake Energy a kan dala 5,750 kowace eka, tare da kashi 20 cikin 100 na kuɗin gas ɗin da za a fitar. Mai eka 100 a Dimock ya karɓi dala 2,500, takwaransa na cikin ƙungiyar kuwa ya karɓi dala 575,000, alhali shimfiɗar dutse ɗaya ce a ƙarƙashin ƙafafunsu. Masu kiran mutane su shiga ƙungiya sukan kafa hujja da irin waɗannan alƙaluma, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai wanda zai yanke shawara a kan gonar gadonsa yana buƙatar ya san wane ɓangare na wannan tazara ƙungiya ce ta jawo shi, wane ɓangare kuma lokaci ne kawai.

Ya kamata a fara da abin da ya sa wannan ciniki yake yiwuwa tun farko. A Najeriya sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinai da man fetur da iskar gas, saboda haka manomin da aka tarar da mai a ƙarƙashin gonarsa, kamar a yankin Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, abin da zai iya nema bai wuce diyyar fili da amfanin da ke kansa ba. A Amurka kuwa wanda ya mallaki fili yakan mallaki abin da ke ƙarƙashinsa, in dai wani daga cikin waɗanda suka riƙe filin a baya bai sayar da haƙƙin ma'adinan daban ba. Kamfani ba zai iya haƙa ba sai ya samu takardar haya daga mai wannan haƙƙi. Takardar tana tsaye a kan abubuwa uku: kuɗin sa hannu, wanda ake biya sau ɗaya a kan kowace eka, kason mai ƙasa, wanda ake cira daga kuɗin gas ɗin da aka sayar, da wa'adin farko, wanda yawanci shekara biyar ne. Idan kamfanin ya haƙa rijiya ta fara ba da gas kafin wa'adin ya cika, hayar za ta ci gaba muddin gas yana fita, wato tana iya kai wa shekaru talatin ko fiye, har ta riski 'ya'ya da jikoki. Wannan shi ne dalilin da ya sa sa hannu na rana ɗaya yake da nauyin da yake da shi.

Tashin farashi tsakanin 2006 da 2009 yana da tarihinsa. A 2004 kamfanin Range Resources ya gwada fasa dutsen Marcellus, wato shimfiɗar dutsen da gas ɗin yankin yake ciki, da ruwa mai tsananin matsi a gundumar Washington ta Pennsylvania, gas ya fito, kamfanoni kuma suka fara tara filaye a ɓoye kafin labari ya bazu. A watan Janairu na 2008 wasu malaman ilimin duwatsu biyu, Terry Engelder na jami'ar Penn State da Gary Lash na jami'ar jihar New York da ke Fredonia, suka bayyana ƙiyasinsu na ɗimbin gas ɗin da ke cikin wannan dutse, sannan a tsakiyar shekarar farashin gas a kasuwar Amurka ya haura dala 13 a kan ma'aunin da ake sayar da shi. Daga nan kan mage ya waye. Mutumin da ya yi ciniki shi kaɗai a 2009 shi ma dubban daloli ya samu a kan eka, ba dala 25 ba. Abin da ya cuci mutanen Dimock a fannin farashi shi ne kamfani ya san darajar abin da yake saye su kuwa ba su san darajar abin da suke sayarwa ba, kuma ƙungiya tana maganin wannan ne gwargwadon yadda take tara labari ta raba wa 'ya'yanta.

Ƙarfin ƙungiya na gaskiya ya fito ne daga yadda ake haƙar irin wannan gas. Ana haƙa rijiyar a tsaye zuwa zurfin da yakan haura kilomita ɗaya da rabi, sannan a karkata bakin ƙarfen ya bi shimfiɗar dutsen a kwance na tsawon kilomita ɗaya ko biyu ko fiye, yana ratsa ƙarƙashin gonakin mutane da dama. Saboda haka kamfani ba gona ɗaya yake nema ba, yana neman filaye masu haɗe da juna waɗanda za su cika rukunin haƙa, wanda a wancan lokaci yakan kai eka 640, tare da hanyar da bututu zai bi ya kai gas kasuwa. Tara irin wannan fili gida-gida aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma a tsakiyar aikin wani kamfani yana iya shigowa ya kama 'yan gonaki ya ɓata tsarin. Ƙungiyar da ta zo da eka dubu talatin a haɗe ta ɗauke wa kamfani wannan wahala, kuma tana iya gayyatar kamfanoni da yawa kowa ya taya, ta sallama wa wanda ya fi. Haka aka yi a yankin Deposit na jihar New York a 2008, inda ɗaruruwan masu filaye suka ƙulla da XTO Energy a kan dala 2,411 kowace eka da kashi 15 cikin 100, a lokacin da maƙwabtansu da yawa ke riƙe da tsofaffin takardu na 'yan daloli. A 2009 kuma ƙungiyar Friendsville, wadda ta haɗa filaye a Pennsylvania da New York, ta samu dala 5,500 da kashi 20 cikin 100 daga Fortuna Energy.

Mai ciniki shi kaɗai ba ya rasa nasa makamin, musamman idan filinsa babba ne ko kuma yana wurin da kamfani ba zai iya kauce masa ba. Wanda yake da eka ɗari biyar shi kansa ya kusa cika rukunin haƙa, wanda kuma gonarsa ta faɗo a tsakiyar filayen da kamfani ya riga ya kama, ko a kan hanya ɗaya tilo da bututu zai bi, yana iya neman abin da ya fi farashin gari ya kuma samu. Yana iya yanke shawara a cikin mako guda, ba sai ya jira taro ba, kuma yana iya tsara sharuɗɗan daidai da gonarsa: a nisanci rumbu da garken shanu, kada a taɓa kurmin katako, a bi ta gefen gabas da hanya. Amma wanda yake da eka goma, ko fegin gida a cikin birni, ba shi da wannan ƙarfi ko kaɗan. A birnin Fort Worth na jihar Texas, inda wani dutsen mai gas, Barnett, yake ƙarƙashin unguwanni, mai gida ɗaya ba shi da abin da zai taya da shi, sai da ƙungiyoyin unguwa suka haɗa kai kafin kuɗin sa hannu ya haura dala 20,000 a kan eka a wasu wurare a 2008, kaso kuma ya kai kashi 25 cikin 100. Akwai kuma wata matsala da ke bin mai ciniki shi kaɗai ko da filinsa babba ne, ita ce mutumin da ke zaune a gabansa ya ƙulla irin wannan ciniki sau ɗaruruwa, shi kuwa wannan ne na farko kuma mai yiwuwa na ƙarshe, sannan duk alƙawarin da wakilin ya yi da baki, in bai shiga takarda ba, kotu ba ta san da shi ba.

A ganina wurin da ƙungiya ta fi yin amfani shi ne rubutun takardar, kuma shi ne wurin da mutane suka fi yin sakaci saboda idonsu yana kan kuɗin sa hannu. Takardar da wakilin kamfani yake zuwa da ita lauyoyin kamfani ne suka tsara ta domin amfanin kamfani. Ɗaukar lauyan da ya ƙware a harkar mai da gas yana da tsada ga mutum ɗaya, kuma lauyan ƙauye da ya saba da rabon gado da cinikin gida sau da yawa bai taɓa ganin irin waɗannan sharuɗɗa ba. Idan mutum ɗari biyar suka raba kuɗin ƙwararren lauya a tsakaninsu, abin da zai faɗo kan kowa kaɗan ne, kuma ƙungiyoyi da yawa sun kai ga juya al'amarin gaba ɗaya, suka rubuta tasu takardar suka ce kamfani ya taya a kanta.

Babban misali shi ne batun cire kuɗaɗen ɗawainiya daga kason mai ƙasa. Wata dokar Pennsylvania ta 1979 ta ce kason mai ƙasa ba zai gaza kashi ɗaya bisa takwas ba, wato 12.5 cikin 100, kuma mutane sun ɗauka wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai shiga aljihunsu. A watan Maris na 2010, a shari'ar Kilmer da Elexco, kotun ƙolin jihar ta yanke cewa kamfani yana iya lissafa kason a kan darajar gas a bakin rijiya, wato bayan ya cire kuɗin tattara shi da matse shi da tsabtace shi da jigilarsa zuwa kasuwa. A ɗauki misali domin a ga nauyin abin. Mutum yana da eka 64 a cikin rukuni mai eka 640, wato kashi ɗaya bisa goma, aka sayar da gas na dala miliyan ɗaya a wata, rabon filinsa ya zama dala 100,000. Idan takardarsa ta ce kashi 12.5 ba tare da cire komai ba, zai karɓi dala 12,500. Idan ta ce kashi 20 amma ta bar kamfani ya cire ɗawainiya, ɗawainiyar kuma ta cinye kashi 40 na kuɗin, zai karɓi dala 12,000. Babban kaso ya koma ƙasa da ƙarami saboda jimla ɗaya. Kuma da yake kuɗin ɗawainiya ba ya sauka idan farashin gas ya faɗi, a shekarun da farashi ya karye wasu masu filaye a gundumar Bradford sun riƙa samun takardun lissafi daga Chesapeake waɗanda suka nuna kusan babu abin da ya rage musu, har ofishin babban lauyan gwamnatin jihar ya kai kamfanin ƙara a 2015, ba a sasanta ba sai 2021, bayan kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2020. Ƙungiyoyin da suka dage a kan kaso marar ciri sun kare 'ya'yansu daga mafi yawan wannan, ko da yake ya kamata a faɗi cewa wasu takardun da aka tsara da lauyoyi sun hana cirin a jimla ɗaya sannan suka buɗe masa ƙofa a jimla ta gaba da sunan kuɗin ƙara wa gas daraja, kuma wannan ma ya kai ga kotu. Shiga ƙungiya bai ɗauke wa mutum karanta takarda ba.

Sauran sharuɗɗan ba su kai wannan yin suna ba, amma kowannensu yana da wanda ya ƙona. Akwai sharaɗin da ake kira Pugh, wanda ya ce idan kamfani ya sa eka goma kawai na gonar mutum a cikin rukunin haƙa, sauran filin ya kuɓuta idan wa'adin farko ya cika; in babu shi, rijiya ɗaya da ta ɗan taɓa kusurwar gona za ta ɗaure gonar duka har abin da hali ya yi. Akwai iyakance zurfi, domin a ƙarƙashin Marcellus akwai wata shimfiɗar mai suna Utica, kuma wanda bai ware ta ba ya ba da biyu a kuɗin ɗaya. Akwai haƙƙin amincewa da wurin da za a kafa dandalin haƙa da hanya da bututu, da hana ajiye gas ko zubar da gurɓataccen ruwa a ƙarƙashin filin, da iyakance shekarun da kamfani zai iya rufe rijiya yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba domin ya riƙe hayar. Akwai kuma batun mayar da hayar ga wani kamfani, wanda kusan kullum yake faruwa: XTO da mutanen Deposit suka ƙulla da shi ExxonMobil ya saye shi a 2010, saboda haka mutuncin wakilin da aka yi ciniki da shi ba abin dogaro ba ne.

Batun ruwan sha yana buƙatar a tsaya a kansa, domin yawancin gidajen karkara a wannan yanki daga rijiyar burtsatse ta gida suke sha. A ranar farko ta 2009 wata rijiyar ruwa ta fashe a Dimock, hukumar kula da muhalli ta jihar ta gano cewa gas ya kutsa cikin ruwan gidaje da dama ta ɗora alhakin a kan Cabot, rigimar kuma ta ja har 2022, lokacin da kamfanin da ya gaje shi, Coterra, ya ƙi musanta tuhumar da aka yi masa a kotu ya kuma amince ya biya kimanin dala miliyan 16 domin a ja wa mutanen ruwan famfo. Abin da ya sa irin wannan shari'a take daɗewa shi ne ruwan yankin a wasu wurare yana da gas a cikinsa tun asali, kuma wanda ba a gwada ruwansa kafin haƙa ba yana shan wahalar tabbatar da cewa haƙar ce ta ɓata shi. Takardun ƙungiyoyi sukan wajabta wa kamfani gwajin ruwa kafin aiki da bayansa a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, da samar da wani ruwan idan na farko ya lalace. Ƙungiya tana da wata fa'ida a nan wadda mutum ɗaya ba zai taɓa samu ba: sharaɗinsa a kan gonarsa kawai yake aiki, alhali rijiyar da za ta ɓata masa ruwa tana iya zama a gonar maƙwabci. Idan duk unguwar takarda ɗaya ta sa wa hannu, kariyar ta zagaye shi.

Babban haɗarin ƙungiya shi ne lokaci. Tara mutane ɗaruruwa, zana taswirar filayensu, zaɓen kwamiti, rubuta takarda da jiran tayin kamfanoni abu ne na watanni, wani lokaci shekaru, kasuwar gas kuwa ba ta jiran kowa. Farashin da ya haura dala 13 a Yulin 2008 ya faɗo ƙasa da dala 3 a Satumban 2009, ya kuma faɗo ƙasa da dala 2 a Afrilun 2012. A Fort Worth, a watan Oktoba na 2008, lokacin da rikicin kuɗi ya kama duniya, kamfanoni sun janye manyan tayinsu kusan dare ɗaya, unguwannin da ke jiran a ƙara musu suka wayi gari babu mai saye. A New York abin ya fi muni. A Yulin 2008 gwamna David Paterson ya ba da umarnin sake nazarin illar wannan haƙa ga muhalli, aka dakatar da ba da izini, dakatarwar ta ja shekara shida, a Disambar 2014 gwamnatin Andrew Cuomo ta sanar da haramci, a 2020 kuma aka mayar da shi doka. Mutanen Deposit sun karɓi kuɗin sa hannunsu kafin ƙofar ta rufe. 'Yan Friendsville da ke ɓangaren New York an ba su kaso kaɗan, aka jingine saura da ranar da jihar za ta fara ba da izini. Wasu ƙungiyoyin da dama, masu dubban 'ya'ya, sun gama tsara takardu masu kyau ba su samu wanda zai sa hannu a kai ba, kuma ƙarar da babbar gamayyarsu ta shigar a 2014 domin a tilasta wa jihar kammala nazarin kotu ta kore ta. Manomin da bashin banki ya taso shi gaba, wanda aka taya masa dala dubu biyu a kan eka ya ƙi saboda ƙungiya ta ce a jira, yana da haƙƙin ya tuna cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Darasin gundumar Wayne ta Pennsylvania ya ɗan bambanta, kuma ya shafi yadda ake tsara biya. Ƙungiyar masu filaye ta arewacin gundumar, mai iyalai fiye da dubu, ta ƙulla da kamfanonin Hess da Newfield a 2009 a kan biya kashi-kashi. Yankin yana cikin kwarin kogin Delaware, hukumar da ke kula da kogin ta dakatar da haƙa a 2010, a 2013 kamfanonin suka soke hayar bayan sun biya kimanin dala miliyan 150, abin da ya rage wanda ya fi haka yawa kuma ya bi ruwa, a 2021 hukumar ta mayar da haramcin na dindindin. A gundumar Trumbull ta jihar Ohio kuwa, BP ya ƙulla da wata ƙungiya a 2012 a kan dala 3,900 kowace eka, ya haƙa 'yan rijiyoyin gwaji bai ga abin da yake so ba, ya bar yankin a 2014. A duka wuraren biyu kason da aka sha muhawara a kansa bai haifar da wani abin kirki ba, kuɗin da aka karɓa a hannu shi ne ribar. Wanda filinsa yake gefen shimfiɗar dutsen, ko a inda gwamnati ke iya hana haƙa, ya kamata ya fifita kuɗin sa hannu da ake biya gaba ɗaya. Wanda yake tsakiyar yankin da rijiyoyi suka riga suka tabbata, kamar Susquehanna da Bradford, kason da sharuɗɗansa su ne dukiyar, domin a can kuɗin sa hannu ɗan goro ne idan aka kwatanta da abin da rijiya mai kyau ke bayarwa a shekaru.

Akwai kuma matsalolin cikin gida. Ƙungiya takan nemi farashi ɗaya ga kowa, wanda ke nufin mai fili a wuri mai daraja yana ɗaukar nauyin mai fili a gefe, kuma kamfanoni sun san haka, shi ya sa sukan zagaya ta bayan gida su taya wa masu manyan filayen tsakiya abin da ya fi, domin idan waɗannan suka fice taswirar ƙungiyar ta zama kamar rariya. Buƙatun 'ya'yan ƙungiyar ma ba ɗaya ba ne: mai kiwon shanun madara yana son kuɗi da wuri kuma bai damu da dandalin haƙa a ƙarshen gona ba, mutumin birni da ya sayi eka ashirin domin hutun ƙarshen mako ba ya son ganin mota ko ɗaya a filinsa. Tambayar da na fi ba wa muhimmanci ita ce yadda ake biyan masu jagorancin ƙungiyar. Wasu ƙungiyoyin maƙwabta ne suka kafa su suna aiki kyauta, ana karɓar ɗan kuɗi a kan eka domin lauya. Wasu kuwa 'yan kasuwa ne ko lauyoyi suka kafa su, suna karɓar la'ada daga kuɗin sa hannu, wasu har da wani yanki na kason mai ƙasa muddin rijiya na aiki. Dillalin da la'adarsa ke kan kuɗin sa hannu yana da dalilin son ciniki ya faɗa da wuri da babban adadi, ko da an sassauta a kan ruwa da ciri da sharaɗin Pugh, waɗanda ba sa ƙara masa komai. Sai kuma tambayar ko shiga ƙungiyar yana ɗaure mutum. A yawancin ƙungiyoyin sa kai kowa shi ne yake sa hannu a kan takardarsa a ƙarshe kuma yana iya ƙi, amma wasu takardun shiga suna hana mutum ciniki da kowa na shekara ɗaya ko biyu, ko su wajabta masa biyan la'ada ko da shi kaɗai ya ƙulla daga baya.

Zaɓi na uku, wato ƙin ba da haya gaba ɗaya, ya dogara da dokar jihar da filin yake. A New York, bisa gyaran dokar 2005, kamfanin da ya kama kashi 60 cikin 100 na rukunin haƙa yana iya neman hukuma ta shigar da sauran a dole, a biya mai filin kaso mafi ƙanƙanta na rukunin wanda bai gaza ɗaya bisa takwas ba, ba tare da kuɗin sa hannu ba. A Ohio ma'aunin kashi 65 ne. A irin waɗannan jihohi wanda ya tsaya shi kaɗai yana iya rasa kuɗin sa hannu ya kuma rasa gas ɗin, ƙungiyar da ta riƙe fiye da kashi 40 na rukuni kuwa ta toshe wannan hanya. A Pennsylvania dokar tilastawa ta 1961 ba ta kama dutsen Marcellus ba, saboda haka mai ƙi yana da ƙarfi, ko da yake kamfani yana iya zagaye filinsa ya bar shi ba mai nema, kuma a 2020 kotun ƙolin jihar ta tabbatar a shari'ar Briggs cewa tsotse gas daga ƙarƙashin filin maƙwabci ba laifi ba ne in dai ba a nuna an kutsa cikin filin a zahiri ba.

Ko ta wace hanya aka bi, akwai abubuwan da ba sa canzawa. Kamfani ba ya biya sai ya gama binciken mallakar filin, wanda yakan ɗauki watanni, kuma takardar alƙawarin biya da ake ba mutum ranar sa hannu ba kuɗi ba ce. Ya kamata a rubuta cewa hayar ta mutu idan ba a biya a ranar da aka sa ba. Idan gonar tana jingine a banki, ana iya buƙatar amincewar bankin. Kuɗin sa hannu kuma ana biya masa haraji a matsayin kuɗin shiga na shekarar da aka karɓe shi, kuma babban adadi yana jefa mutum cikin babban mataki.

Idan aka tambaye ni, mai ƙaramin fili ko matsakaici, wanda bai taɓa irin wannan ciniki ba kuma bashi bai shaƙe shi ba, ƙungiyar sa kai wadda ba ta ɗaure shi ita ce ta fi masa, domin abin da zai rasa kaɗan ne, abin da zai samu kuwa labarin farashi ne da takardar da ba zai iya biyan kuɗin rubuta ta shi kaɗai ba. Mai babban fili, ko wanda filinsa yake wurin da ba a iya kauce masa, zai iya zuwa tarukan ƙungiya ya ji abin da ake tayawa, ya ɗauki takardarta a matsayin mafi ƙarancin abin da zai yarda da shi, sannan ya ɗauki nasa lauyan ya ƙara sharuɗɗan gonarsa, ko da yake ya kamata ya san cewa ficewarsa tana rage wa maƙwabtan da zai ci gaba da zama da su ƙarfi. Wanda ake shirin ƙwace wa gona saboda bashi, kuma tayin da ke gabansa zai biya bashin, ba shi da lokacin jiran kwamiti, amma ko shi yana iya aron takardar wata ƙungiya ya nemi a saka masa jimloli huɗu ko biyar daga ciki: kaso marar ciri, sharaɗin Pugh, iyakar zurfi, gwajin ruwa, da bayani ƙarara cewa dakatarwar gwamnati ba ta tsawaita wa'adin farko. Wannan na ƙarshe masu filaye a gundumar Tioga ta New York sai da suka je har kotu mafi girma a jihar a kansa, inda a 2015, a shari'ar Beardslee da Inflection Energy, aka yanke cewa dakatarwar ba ta ba kamfani damar ci gaba da riƙe tsofaffin hayoyinsu bayan wa'adi ya cika ba.